Jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke, kada a zauna da shi

Iyayena, yayyena da ƙannena na Babura, Kanya, Garu da sauran mazaɓunmu.

Yau ba kamfen ya kawo ni ba. Makon jiya muka je ta'aziyyar wata baiwar Allah da muke shiga gida-gida tare lokacin zaɓe. Shekara biyu tana ganin jini bayan al'adarta ta ɗauke. Ta tambayi hukuncin sallarta, aka ce istihala ce, ta yi alwala ta ci gaba da ibada. Amma ba wanda ya ce mata tashi ki ga likita. Da aka kai ta Kano, sankarar mahaifa ce, har ta bazu. Allah Ya jiƙanta.

Abin da ya fi ci min rai, ciwon nan yanzu ba kamar da ba ne. In an gano shi da wuri, aiki ake yi a cire mahaifar, mace ta koma cikin jikokinta. Ta bakin mahaifa kuwa gwajinta 'yan mintuna ne: ma'aikaciya ta shafa ruwan khal ta duba, in ta ga tabon da bai kai ga zama sankara ba, a ƙona shi da 'yar na'ura. Wadda nata ya yi nisa, akwai gashin na'ura a Shika da Abuja, ga sabuwar cibiya da aka buɗe a Katsina a 2025. Sai dai kuɗinsa, wallahi ba na talaka ba ne.

Sannan rigakafin HPV, mai kare bakin mahaifa. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, kyauta, kuma Jigawa na cikin jihohin farko. Na ji ana cewa wai ta hana haihuwa ce. Haka aka faɗa kan ta shan inna, yau waɗancan yaran ga su da goyo. Ni dai na kai tawa 'yar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 kaɗai sankarar bakin mahaifa ta kashe mata kusan 8,000 a Najeriya.

Masu neman ƙuri'unmu, namu na jam'iyya ma, atamfa da sabulu sun isa haka. A kawo mana gwajin nan asibitocin mazaɓu, ma'aikata mata su yi mana.

Duk mai ganin jini bayan kwanciyar aure, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, ta je babban asibitin Babura. Mai jin nauyin gaya wa maigida ta kira ni, zan raka ta.

A tura wa sauran 'yan uwa.

Taku,
Shugabar mata, Babura