Tayar Motar Ƙauye: A Bar Ado, A Duba Hanya da Kaya

Makalar wannan makon ta shafi duk mai akori-kura, Hilux ko wata mota mai shiga lungunan Makoda, da duk wanda ke hawa bayanta zuwa kasuwa ko asibiti.

Wata ɗabi'a tana yaɗuwa a tsakanin masu motocinmu. Da zarar mutum ya sayi mota, sai ya wuce Ƙofar Ruwa a Kano, ya sauke rim ɗin da ta zo da shi, ya ɗora ƙato mai ƙyalli, ya sa faffaɗar taya da ta leƙo waje da jikin mota. Hujjar da ake bayarwa ita ce hanyarmu ba kyau, dole mota ta ɗaga. Mu dai ra'ayinmu shi ne mafi yawan wannan canji asarar kuɗi ne, wani lokaci har da kasada da rai. Motar da za ta yi aiki tsakanin Koguna, ƙauyukanmu da Dambatta tana buƙatar ƙaramin rim, taya mai kaurin gefe da ke ɗaukar nauyi, da zaman rim irin wanda kamfani ya tsara.

Mu fara da lambobin da ke jikin taya. Idan ka ga 265/65R17, ma'anarsa faɗin tayar milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na wannan faɗin, rim kuma inci 17. In aka lissafa, tsayin tayar gaba ɗaya ya kai kusan milimita 776. Mai son girma yakan koma 285/70R17, wadda tsayinta ya kai kusan milimita 831. Bambancin milimita 55 ne, amma rabinsa kawai mota ke ɗagawa, wato ƙasa da santimita 3. Faɗin yatsu biyu ke nan.

Me aka biya kafin a samu wannan yatsu biyun? Tayar ta ƙaru da kashi 7 cikin ɗari. Maleji zai nuna 100 alhali kana gudun 107. Injin zai riƙa nishi wajen tashi da kaya, kuloci ya riƙa cinyewa da wuri, mai ya ƙara tafiya, birki kuma ya ƙara nisa kafin ya tsayar da mota. Wanda ya lodo buhunan gero da wake zai kai Dawanau, ga mutane zaune a kan kaya, shi ne ya fi kowa buƙatar birkin da ke kamawa nan take.

Babban rim ya ma fi wannan illa. Taya 265/50R20 tsayinta kusan ɗaya ne da 265/65R17, don haka motar ba ta ɗaga ko kaɗan ba. Abin da ya canza shi ne gefen roba ya ragu daga kusan santimita 17 zuwa 13. Wannan robar ce ke shanye dukan rami, bakin kwalbati da gargadar burji. Idan ta yi ƙaranci, dukan zai wuce kai tsaye zuwa rim da shokazoba. Rim na ƙarfe in ya lotse, maƙeri ko bakanike zai buge shi ya miƙe. Na alminiyam in ya tsage, sai dai a nemi wani.

Sannan ƙasarmu jigawa ce, da rani akwai wuraren da rairayi ke riƙe mota. Maganin da direbobin hamada suka daɗe da sani shi ne rage iska, don tayar ta ƙara kwanciya a ƙasa, sannan a mayar da iskar kafin a hau kwalta. Taya mai siririn gefe ba ta ba da wannan damar, kana rage mata iska rim zai cije ta. Ku dubi Land Cruiser akori-kura da ke aiki a arewacin Nijar, da yawansu 7.50R16 suke takawa, siririya mai tsayi a kan rim inci 16. Ba rashin kuɗin ado ne ya sa ba.

Sai abin da da yawa ba sa dubawa, wato zurfin zaman rim, wanda masu sayarwa ke kira ofset. A bayan rim za ka ga an buga ET da lamba. Lambar tana nuna milimita nawa ne tsakanin tsakiyar rim da fuskar da ake ɗaure wa noti. In motarka ta zo da ET30 ka sa mai ET0 mai faɗi iri ɗaya, kowace taya ta fito waje da santimita 3, motar ta ƙara faɗin santimita 6. Nauyi ya tashi daga inda aka tsara ya sauka a kan boris, ya koma gefe. Sakamakonsa boris ya riƙa mutuwa, sitiyari ya riƙa fizgar hannu duk lokacin da aka faɗa rami, taya ta riƙa gogar madigadi in an karya kwana da kaya. Faifan ƙarfen nan da ake cusawa tsakanin rim da ƙafar mota don taya ta fito ma haka yake, kuma in bai bar wa noti isasshen zare ba, taya na iya fita ana cikin tafiya. Ramukan noti shida sun dace ba yana nufin rim ɗin na motarka ba ne.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. A nan gona tana manne da gona, burtali ƙunci gare shi. Tayar da ta leƙo waje ita ce ke tattake kunyar gefen hanya, ta watsa wa mai babur, mai amalanke da yara 'yan makaranta taɓo da tsakuwa da damina.

Masu cewa ɗagawar tana da amfani ba su yi ƙarya ba. A watan Agusta, inda manyan motoci suka haƙa hanya, ɗan tsayi kaɗan yana hana cikin mota zama a ƙasa. Ga wanda yake da wannan buƙatar, mataki ɗaya ya isa: daga 265/65R17 zuwa 265/70R17, a kan rim ɗin asali. Motar za ta ɗaga da kusan milimita 13, ƙarin bai kai kashi 4 cikin ɗari ba. A karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a gwada da kaya, a tabbatar ba ta goga. Kuma in motar mai ja da ƙafa huɗu ce, tayoyin duka har da safaya su zama girma ɗaya.

Kuɗin da za a zuba a rim, gara a zuba shi a ingancin taya. A duba lambar nauyi da ke bayan lambar girma: 100 na nufin kilo 800 a kowace taya, 112 kilo 1,120, 121 kuma kilo 1,450. Motar kaya ta nemi mai harafin C ko LT. A duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin DOT: 2322 na nufin an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2022. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya biyo baya a Legas a 2008, kasuwarmu ta dogara da tayar waje, kuma tsofaffin tayoyi sun cika ta duk da haramcin shigo da su. Girman da ba a saba da shi ba, galibi a cikin irin waɗannan tsofaffin ake samunsa da araha, araha kuwa ba ta ado.

Tambaya ta ƙarshe kafin ka biya: in wannan tayar ta fashe da daddare, kana ɗauke da mai naƙuda, za ka samu irinta a Dambatta, ko sai an aika Kano? In amsar sai Kano ce, to ba tayar Makoda ba ce.

Direbobi da bakanikai da ke cikinmu, muna jiran ku faɗa mana girman da ya fi jure muku hanya. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.