Kayan Tokumbo: Ciniki Muke Yi Ko Kwashe Bolar Turai?

Duk ɗan kasuwar da ke sarin tsofaffin talabijin, firji da kwamfuta daga Legas yana kai wa Jibiya, Illela, Maraɗi ko Birnin Ƙonni ya san cewa ba a rasa matattu a cikin lodi. Abin da ba a sani ba shi ne yawansu, sai da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar yarjejeniyar Basel da ke Jami'ar Ibadan suka sa masu bincike a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016.

Rahotonsu, wanda ya fito a 2018, ya nuna cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ne ke shigowa Nijeriya kowace shekara a wancan lokaci, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki. Kashi 77 cikin ɗari daga tashoshin Tarayyar Turai suka taso, akasarinsu cushe cikin motocin tokumbo.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1988 an jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko, abin da ya ƙara zaburar da ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da shara mai guba nahiyar. Duk da haka a 2006 dattin jirgin ruwan Probo Koala ya hallaka mutane a Abijan, dubbai suka nufi asibiti. Bambancin kawai shi ne yanzu gubar na zuwa ne da sunan haja.

Asarar ɗan kasuwa biyu ce. Ya biya kuɗin kaya, na mota da na kwastan a kan abin da ba zai sayu ba. Sannan ya sayar wa 'yan gwangwan, su fasa gilashin tsohuwar talabijin mai ɗauke da dalma, su ƙona waya don cire jan ƙarfe a bayan kasuwa, inda 'ya'yanmu ke talla. Mutanen Zamfara sun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a 2010.

Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa na ɓangarorin iyaka biyu su kafa ƙa'ida: a jona kaya a wuta a gwada kafin a biya, matacce kuma ya koma wa dillali. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya sa mu gane.