Jinjina ga 'Yan Kallo Masu Gardama da Hujja

Jinjinar yau ta 'yan kallo ce. An saba yaba wa jarumi da darakta da mawaƙi, amma da wuya a tuna da mutanen da ke zama bayan fim ya ƙare su warware shi dalla-dalla, wannan ya ce nan an yi daidai, wancan ya ce can an kauce, kowa da hujjarsa. Irin waɗannan mutane suna nan a Ribah, hedikwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, kamar yadda suke a Zuru da Birnin Kebbi da Kano. Za ka same su a gidan kallo, a teburin mai shayi, da bakin shagon masu tura fim a waya. Sun cancanci a gaishe su da aiki, domin duk masana'antar fim da ta ci gaba a duniya, masu kallo masu lura ne suka tura ta gaba. Babu misalin da ya fi nuna haka kamar gardamar da masoya Star Wars suka shafe fiye da shekara ashirin suna yi a kan fina-finai uku da suka ba da asalin labarin.

George Lucas, Ba'amurke, shi ya fito da Star Wars a 1977, labarin yaƙi tsakanin duniyoyi, da jiragen sararin samaniya, da mayaƙan Jedi masu takubban haske. Kashi na biyu ya biyo a 1980, na uku a 1983. A cikinsu ne duniya ta san Darth Vader, mugun nan mai baƙin sulke da numfashi mai ban tsoro. Sai da aka yi shekara goma sha shida ana jira kafin Lucas ya dawo, kuma da ya dawo sai ya koma baya domin ya nuna yadda Vader ya zama Vader. Ya fitar da The Phantom Menace a 1999, Attack of the Clones a 2002, sannan Revenge of the Sith a 2005.

Labarin na Anakin Skywalker ne, yaro ɗan shekara tara, bawa a wata duniyar hamada mai suna Tatooine. Mayaƙan Jedi suka ga baiwarsa, suka raba shi da mahaifiyarsa, suka damƙa shi ga Obi-Wan Kenobi ya koyar da shi. Ya girma da jarumta da zafin zuciya. Mahaifiyarsa ta rasu a hannunsa, ya yi aure a ɓoye, tsoron kada matarsa ma ta mutu ya mamaye shi. A gefe guda kuma ga Palpatine, ɗan majalisar dattawa mai daɗin baki, wanda ya hura wutar yaƙi ta ƙarƙashin ƙasa, ya sa majalisa ta ba shi ikon dokar ta-ɓaci, daga ƙarshe ya rushe jamhuriya ya naɗa kansa sarkin daula. Shi ne ya yi amfani da tsoron Anakin har ya mai da shi makaminsa, wato Darth Vader.

Ta fuskar kuɗi, The Phantom Menace ya yi kasuwa, ya tara fiye da dala miliyan 900 a fitowarsa ta farko. Amma tsofaffin masoya da yawa sun fito daga sinima ransu a ɓace, kuma jinjina ta farko tasu ce, domin ba su tsaya a kan "fim ɗin bai yi ba" kawai ba. Sun faɗi inda abin yake. Sun ce maganganun da aka sa a bakin jarumai sun yi tauri, musamman hirar soyayya tsakanin Anakin da Padmé, wadda ya aura. Sun ce an cika siddabarun kwamfuta har ɗan wasa ya zama kamar baƙo a cikin hoton. Sun ce an ɓata lokaci a kan harajin hanyoyin kasuwanci da zaman majalisa. Sun yi fushi da yadda aka mai da ƙarfin ruhi na mayaƙan Jedi wani abu da ake aunawa a cikin jini. Sun ƙi jinin Jar Jar Binks, wata halitta mai shirme da aka sa domin ban dariya. Suka rubuta dogayen sharhi, suka yi bidiyo, har aka shirya fim guda a 2010 mai suna The People vs. George Lucas a kan wannan saɓani. Mai kallon da zai fuskanci mutumin da ya ƙirƙiro abin da yake ƙauna ya ce masa a nan ka gaza, ga kuma dalili, ya yi wa sana'ar hidima.

Jinjina ta biyu ta masu kare fina-finan ce, waɗanda yawancinsu yara ne a 1999. Da suka girma sai suka shigo fagen da nasu hujjojin, kuma hujjoji ne masu nauyi. Suka ce zaman majalisar da ake kuka da shi shi ne zuciyar labarin, domin Lucas yana nuna yadda jamhuriya ke mutuwa da hannun 'ya'yanta: a tsorata jama'a da yaƙi, su miƙa 'yancinsu ga mutum guda, suna tafi. Suka lura cewa Jar Jar ɗin da ake raina shi ne ya gabatar da ƙudurin ba Palpatine iko na musamman, wato mai zuciya ɗaya marar wayo ne aka yi amfani da shi wajen buɗe ƙofar zalunci. Suka nuna cewa mayaƙan Jedi kansu suna da laifi, don sun hana yaro kukan rabuwa da uwarsa, sun bar shi da damuwarsa har mayaudari ya same shi. Suka yaba kiɗan John Williams da wasan Ewan McGregor a matsayin Obi-Wan. Ɗan Nijeriya ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan darasi. The Phantom Menace ya fito ranar 19 ga Mayun 1999, kwana goma kafin sojoji su miƙa mulki ga farar hula a ƙasar nan. A ƙasar Zuru kuwa, wadda ta yi suna wajen ba Nijeriya sojoji, wurin da a cikin labarin aka umarci dakaru su juya wa kwamandojinsu na Jedi baya su harbe su, wuri ne da zai sa kowane gida ya yi tunani a kan nauyin umarni da nauyin amana.

Gardamar ta yi amfani. Jerin zane mai motsi na The Clone Wars, wanda ya fara a 2008 ya ƙare a 2020, ya cike giɓi da yawa da masu suka suka nuna, ya ba Anakin zurfin da fina-finan ba su ba shi ba. A 2022 Hayden Christensen, wanda ya sha suka a kan matsayin Anakin, ya dawo tare da McGregor a shirin Obi-Wan Kenobi, aka karɓe shi hannu bibbiyu. A Afrilun 2025 aka sake haska Revenge of the Sith a sinimomi don cikarsa shekara ashirin, jama'a suka yi tururuwa. Har yau ba a daidaita ba a kan ko fina-finan sun kai na farko, amma kowane ɓangare ya koyi wani abu daga ɗan'uwansa, kuma labarin ya rayu saboda ana ta juya shi.

Namu 'yan kallon ba a bar su a baya ba. Tun daga Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa ya tashi ne a gaban masu kallo masu faɗin ra'ayinsu. A 1999, shekarar da Lucas ya dawo, Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim, wadda ta buɗe wa masu karatu fili su yi yabo su yi gyara. Da zamanin fina-finai masu dogon zango ya zo, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Izzar So, gardamar ta ƙara kaifi. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina na Aminu Saira, Fati Washa ta ɗauki matsayin Sumayya, an yi makonni ana tafka muhawara a majalisu da Facebook: shin sabuwar fuska za ta riƙe halin da aka saba da shi, shin labarin bai fara ja da yawa ba, shin wannan zango ya kai na baya. Waɗannan su ne ainihin tambayoyin da masoya Star Wars suke yi. Matashin da zai tuna abin da jaruma ta faɗa a zangon farko ya kama marubuci da saɓa shi a zango na huɗu, mai nazari ne, ko da bai taɓa shiga ajin adabi ba. Kuma yana yin haka ne da waya mai ƙaramin allo, da tsadar data, da kuɗin caji, a yankin da matsalar tsaro ta hana mutane sakewa. Madalla da wannan himma.

To amma yabo nauyi ne, kuma akwai sauran aiki. Na farko shi ne tsare harshe. Gardamar Star Wars tana da tabo wanda bai kamata a ɓoye ba. Ahmed Best, wanda ya fito a matsayin Jar Jar, ya bayyana a 2018 cewa zagin da ya sha ya kai shi ga tunanin kashe kansa. Jake Lloyd, yaron da ya fito a matsayin ƙaramin Anakin, ya sha tsangwama a makaranta, ya bar wasan fim baki ɗaya. Daga baya John Boyega, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya fuskanci cin mutunci saboda launin fatarsa tun kafin a ga fim ɗinsa na Star Wars na 2015. Masoya sun yi ƙoƙarin gyara: sun miƙe tsaye sun yi wa Best tafi a taronsu na Chicago a 2019, kuma a 2023 ya dawo a shirin The Mandalorian a matsayin jarumin Jedi. Sai dai shekarun da ya yi cikin ƙunci ba su dawowa. Mu ma mun san yadda sharhin fim a wayoyinmu kan sauka daga kan labari ya hau kan mutuncin 'yar wasa, da iyayenta, da aurenta. Ɗan wasa umarnin darakta yake bi, rubutun wani yake furtawa, kuma ɗan wani ne. A soki rubutu, a soki ɗaukar hoto, a soki wasa, a bar mutunci. Addininmu da tarbiyyarmu duk sun hana mu cin naman ɗan'uwa, kuma waya ba ta ɗauke wannan hani ba.

Na biyu shi ne a mai da magana rubutu. Hujjar da aka kawo a teburin mai shayi tana watsewa da watsewar majalisa. Abin da ya sa gardamar Star Wars ta yi tasiri shi ne an rubuta ta, an adana ta, wanda ya zo daga baya ya karanta ya ɗora. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi shekaru suna nazarin fim ɗin Hausa, amma fagen yana buƙatar sharhin masu kallo na yau da kullum, cikin Hausa mai kyau, mai tsari: ga abin da fim ya so faɗa, ga inda ya dace, ga inda ya kasa. Ɗaliban sakandare a Ribah da na Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru suna iya kafa ƙungiyoyin kallo da sharhi, malaman Hausa su duba musu rubutu. Tare da wannan akwai haƙƙin masu shirya fim. Wanda ya samu hali ya kalla ta tashar masu fim ɗin a YouTube ko talabijin, domin ta nan guminsu ke dawo musu. Mai neman a inganta aiki ya kamata ya sa hannu wajen ciyar da masu yin sa.

Na uku, wanda ya fi girma, shi ne mu yi namu. Hausa ba baƙuwa ba ce a labarin sararin samaniya. A 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata, Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da baƙo daga sama ya ɗauka zuwa yawon sararin samaniya. Shekara takwas ke nan kafin Star Wars. Masu kallon da suka rungumi Krrish da Chitti, mutum-mutumin fim ɗin Enthiran, suka kuma saba da fassarar ɗakuna irin su Algaita, sun nuna cewa kasuwar irin wannan labari tana nan. Uzurin rashin kayan aiki ma ya ragu. Attack of the Clones na cikin manyan fina-finan farko da aka ɗauka gaba ɗaya da kyamarar dijital, kuma hanyar da ya buɗe ita ta kawo mu zamanin da matashi ke tace hoto a kwamfutar cinya. Duniyar Tatooine kuwa a hamadar Tunisiya aka ɗauke ta, a nahiyarmu, har sunanta daga garin Tataouine aka samo. Idan rairayin Sahara ya isa ya zama wata duniya a idon Ba'amurke, duwatsun ƙasar Zuru ma sun isa. Ga bikin Uhola, ga al'adar golmo inda saurayi ke shekaru yana noma kafin ya samu mata, ga kurmin Girmache da kadojinsa, ga zaman tare na Dakarkari da Hausawa da Fulani da Kambari. Marubucin da ya san waɗannan, ya girmama masu su, ya tambayi kansa yadda za su kasance nan da shekara ɗari biyu, a lokacin da ruwan sama ya canja hali kuma na'ura ta shiga gona, yana da labarin da babu mai iya ba da shi sai shi.

Saboda haka, 'yan kallo na Ribah da na sauran ƙasar Hausa, sannunku da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ku ci gaba da gardama, ku riƙe hujja, ku kame daga cin zarafi. Mai iya sharhi ya ɗauki alƙalami. Mai ganin kuskuren marubuta ya gwada rubuta zango guda nasa, ya miƙa wa abokansa su yi masa irin binciken da yake yi wa wasu. Masu shirya fina-finai a Kano da Kaduna da Jos kuma su saurari waɗannan muryoyi, su nemi masu basira a garuruwan da ke nesa da birni, domin a cikin masu gardamar yau ne za a samu marubuta da daraktocin gobe.