Hunturu Zai Wuce Ba Mu Hau Tudun Bayan Gidanmu Ba

Tun shekaranjiya da na sa hotunan da muka ɗauka a kan tudu bayan Kalgo wayata ba ta huta ba. Wani ya ce "Malam lafiya dai ko?" Wani ya ce tsufa ne ya zo mini da gardama. Wani abokina ya kira ni takanas ya ce in motsa jini nake so ai ga filin ƙwallo nan, me ya kai ni gidan aljannu da sassafe. Amma wanda ya fi ba ni dariya shi ne wanda ya tambaye ni ko Saudiyya ce. To ba Saudiyya ba ce ɗan'uwa, Kalgo ce. Wadda kake ratsawa duk mako in za ka Birnin Kebbi, gilashi a rufe, kai a sunkuye kana latsa waya.

Ga yadda abin ya faro. Ɗan yayata yana karatu a Jami'ar Tarayya da ke nan Kalgo. Ya zo gaishe ni, muna zaune bakin wuta, sai ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu dubi wannan wuri, wallahi in Allah Ya hore mini sai na je." Na duba, Al-Ula ce ta Saudiyya, jajayen duwatsu da rairayi, mutane sanye da rigunan sanyi suna tafiya a ƙasa suna ɗaukar hoto. Na ce masa wurin ya yi kyau, amma tudun nan da kake hange in ka fito daga makaranta, ka taɓa hawansa? Ya yi dariya ya ce, "Kawu me ke can?" Shekara uku yana kallonsa. Na buɗe baki zan yi masa faɗa sai na tuna ni ma rabona da hawa tudu tun ina yaro a Gwandu muna bin awaki da danƙo a wuya. Sai na haɗiye faɗan, na ce ranar Asabar ya zo da abokansa.

Mu biyar muka fita bayan sallar asuba. Ɗari kamar ya tsaga kunne, hazo ya rufe gari, ba ka ganin abin da ya wuce ƴan taku. Yaran nan da farko sai ƙorafi, ƙaya ta kama wando, tsakuwa ta shiga takalmi. Ba mu yi rabin awa ba aka daina ƙorafi aka koma tambaya. Wannan wane itace ne? Sabara. Wannan fa? Geza. Wannan mai ganye kamar kofaton raƙumi? Na ce kai ka ji kunya, shekara uku kana zaune a Kalgo ba ka san kalgo ba. Muka tarar da magarya ta nuna, ɗaya daga cikinsu bai taɓa tsinkar ta a jikin itace ba, a faranti ya san ta bakin makarantar firamare. Zomo ya tashi a gabanmu, saurayi guda mai gemu ya buga ihu har da salati.

Da muka kai sama rana ta fara fasa hazo. Kan tudun a baje yake kamar faifai, baƙar marmara ko'ina. Daga can kana hango fadama shimfiɗe, kore shar a tsakiyar rani, hayaƙin ƙauyuka yana tashi a hankali, shanu sun yi layi za su mashaya. Muka yi shiru dukkanmu. Ɗan yayata ne ya fara magana, ya ce, "Kawu ashe haka garin nan yake?"

Wannan tambaya ita ta sa na zauna rubuta wannan dogon bayani, ku yi haƙuri da ni.

A wuraren da suka mai da hamada abin kallo, sanyi shi ne kakarsu. A Amurka akwai wani kwari a Kalifoniya da suke kira Kwarin Mutuwa, inda aka auna zafin da ya kai digiri 56.7 a 1913. Masu kula da wurin da kansu suke ce wa baƙi in tafiyar ƙasa za ku yi ku zo tsakanin Nuwamba da Maris. Saudiyya ma tun 2018 take shirya bikin hunturu a Al-Ula, ana tahowa daga ko'ina. Ba wani sirri a ciki. Ƙasa mai zafi tana da ƴan watannin da take yarda a taka ta. Mu ma haka. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne kawai za ka hau tudu a Kebbi ka sauko da ƙafarka kana dariya. Maris na kamawa zafi zai haura digiri 40, dutsen da ka dafa ma sai ya ƙona ka. Damina kuwa ciyawa ce da santsi da macizai, kuma kowa na gona. To su can suna sayar da tikiti saboda watannin nan, mu a nan muna ƙudundune cikin bargo muna jira su wuce.

Kuma tuddan nan namu ba tarin ƙasa ba ne kawai. Masana ilimin ƙasa sun raɗa wa wannan shimfiɗa sunan Gwandu, haka ake karantar da ita a jami'o'i. Rairayi ne da yumɓu hawa-hawa, sannan marmara mai tauri ta rufe su daga sama kamar hula. Hular nan ce ta hana ruwan sama cinye tudun, shi ya sa kawunansu suke a baje. Rairayin da ke ƙarƙashi kuma shi ke riƙe ruwan da rijiyoyin burtsatse da yawa na yankin nan suke zuƙa. Ka ga ke nan ɗalibin wata jiha ya haddace sunan Gwandu don cin jarrabawa, ɗan Gwandu kuwa bai san a kan me yake tsaye ba.

A nan ne abin ya daina ba ni dariya. Da za mu sauko ta ɗaya gefen sai muka iske an yanke ƙugun tudun, rami wawakeke, sawun tifa ya yi hanya. Marmara ake ɗiba ana kai wa masu ciko da masu gini. Inda aka cire hular nan ruwa ya riga ya fara aikinsa, kwazazzabai sun tsage suna gangarawa wajen gonakin mutane. Gaba kaɗan kututture ne birjik da baƙin gurbi inda aka toya gawayi. Muka haɗu da wani dattijo da ƴan tumakinsa, muka gaisa, ya dube mu sama da ƙasa ya ce, "Mi kuka biɗa nan bisa?" Na ce Baba kallo kawai muka zo. Ya ce, "Kallo? To kun makaro. Da muna ɗiya, in munka shigo nan ba ka ganin na gabanka don itace. Ƙirya da marke duk an ƙone su. Zabbin daji ma sun tai." Na ce Baba ba mai hanawa? Ya ce, "Wa za shi hanawa? Ba mai zowa."

Ba mai zowa. Ni a ganina ciwon ke nan. Mai tifa abincinsa yake nema, mai gawayi ma haka, kuma ni da nake wannan rubutu da gawayi aka dafa tuwon da na ci jiya, kada in yi muku ƙarya. Amma abin da ba wanda ya san shi ba mai jin zafin rashinsa. A Nijar akwai wata bishiya guda ɗaya tal a tsakiyar hamadar Tenere, ayari na kwatance da ita. A 1973 wani direba ya banke ta da mota. Saboda an san ta, an ɗauko gangar jikinta an kai gidan tarihi a Yamai, har yau ana ba da labarinta. Mu nan daji guda ya tafi a buhu ba wanda ya ƙirga.

Sai Gwandu, mahaifata, inda abin ya fi yi mini ciwo. Garin nan a cikin kwari yake, tuddai sun kewaye shi. Nan Shehu Usmanu ya zauna da jama'arsa kafin ya koma Sifawa. Bayan an sha wuya a yaƙin Alwasa a 1805, har nan abokan gaba suka biyo su, Allah bai ba su sa'a ba. Wannan a aji ana karanta shi a layi biyu a wuce. Amma ka hau ɗaya daga tuddan nan da sanyin safiya ka leƙo garin, ka ga mashigai da mafita, ka ga inda doki zai iya bi da inda ba zai iya ba, sai labarin ya zauna maka a kai yadda allo ba zai zaunar da shi ba. Gani ya kori ji. Ga hubbaren Shehu Abdullahi a cikin gari, mutumin da har gobe ake karanta littattafansa a zaurukan malamai daga nan har ƙetare. Ba zan shiga gardamar ziyara ba, kowa ya san malaminsa. Ni dai tambayata ita ce, yara nawa ne a makarantun Birnin Kebbi da Jega da Kalgo aka taɓa kawowa su ga garin da masarautarsu take amsa sunansa?

Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi. Sarki bai ma yarda sun gana ba. Amma a Gwandu ya samu littafin Tarihin Sudan na malamin Tambutu, ya zauna kwanaki yana kwafa, daga nan Turai ta fara sanin tarihin Songhai da kyau. Ya rubuta yadda tuddai suka riƙe garin, ya yabi ayabarmu da albasarmu. Mutum ya ratso Sahara a kan raƙumi ya zo ya ga abin rubutawa, mu kuɗin kabu-kabu ya gagare mu. Alhazanmu kuwa, Allah Ya karɓa, tsoho mai ciwon gwiwa sai ya hau Jabalun Nur har ƙoli ya dawo yana ba da labari shekara goma. A gida ka ce ya taka tudun bayan gari sai ya ce ba ya son wahalar banza.

Na san abin da wasu za su ce, an ma riga an faɗa mini. Na farko, ana fama da abin da za a ci wa ke ta yawon kallo? Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada tun da aka cire tallafin mai a 2023. To amma mu abin da muka kashe ran nan ƙosai ne da ruwan leda. Wannan kusan shi kaɗai ne nishaɗin da ya rage wanda talaka da mai kuɗi suke biya daidai, wato da ƙafa.

Na biyu ya fi nauyi, tsaro. Wannan ba abin wasa ba ne kuma ba zan raina shi ba. Ba mu manta da Mera ta ƙaramar hukumar Augie ba, inda Lakurawa suka kashe mutum 15 a Nuwamban 2024. Ban ce kowa ya ɗauki yara ya nufi Surame ko dajin bakin iyaka ba, Allah Ya kiyaye. Tuddan da nake magana a kansu na bakin gari ne, waɗanda kana sama kana jin kukan jaki da ƙarar injin niƙa. Mu ma kafin mu hau sai da muka biya muka gaida mai gari, ya haɗa mu da wani matashi ɗan banga da ya san wurin, kuma kafin ƙarfe goma mun sauko. Duk ranar da mutanen gari suka ce kada a hau, to ba a hawa. Amma ku lura da wani abu: duk dajin da mutanen kirki suka daina shiga, wasu ne ke gaje shi. In muka ja da baya daga daji, muka ja da baya daga tudu, gobe gonar bayan gari ce za ta gagare mu.

Ni ba jiran gwamnati nake ta gina mana otal ko ta kawo Turawa ba. Argungu tana da bikin kamun kifinta da gidan tarihin Kanta, duniya ta san da su, madalla. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Shugabannin makarantu, boko da Islamiyya, ku ware Asabar ɗaya a cikin sanyin nan ku fita da ɗalibai, a samu dattijo ɗaya da ya san sunayen itatuwa da malami ɗaya da ya san tarihi. A tafi da ƴan mata ma tare da malamansu mata, don yayata ta riga ta yi mini ƙorafi cewa ɗanta na ɗauka na bar ƙannensa. Iyayen ƙasa da ƙananan hukumomi kuma su zauna su nuna wa masu tifa inda za su ɗiba da inda ba za su taɓa ba, musamman tuddan da suka kewaye Gwandu. Ko allo ɗaya a kafa mai ɗauke da sunan wuri da abin da ya faru a nan.

Mu dai Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu Gwandu muka nufa. Za mu kwana can ranar Juma'a, mu fita bayan asuba, mu sauko mu shiga gari kafin rana ta yi. Mai zuwa ya sa takalmi sau-ciki ba silifa ba, ya riƙo ruwansa da rigar sanyi, mai asma ya zo da abin rufe hanci don ƙura ta yi yawa bana. Kuma duk ledar da ka hau da ita ka sauko da abinka. Abokina mai maganar aljannu ya ce zai zo, amma a mota zai jira mu.