Amsa-kama da Motsin Allon Waya

Idan shafi ya sulalo daga gefen allon waya ya tsaya, akwai wanda ya tsara yadda motsin zai soma, yadda zai yi gudu, da yadda zai tsaya. A harshen CSS, wanda ake ƙawata shafukan intanet da shi, sanannun sunayen wannan tsari su ne linear, ease, ease-in, ease-out da ease-in-out. Ra'ayina shi ne yawancin bayanan jagora da ake rubuta wa masu ƙera manhaja a kansu suna sa lissafi gaba, su bar abin da ido yake gani a baya, kuma ɗaliban Hausa suna da abin cike wannan gurbi.

Mu ɗauki yarinyar da ke koyon ƙera manhaja a Nima, irin waɗanda shirin Tech Needs Girls na Regina Honu ya koyar. Ta buɗe jagora, sai ta tarar an ce ease-in daidai yake da lambobi huɗu: 0.42, 0, 1, 1. Lambobin gaskiya ne. Suna zana wani lanƙwasasshen layi mai sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi aiki da shi a shekarun 1960. To amma me ta gani? Ba komai. Abin da ya fi wannan muni, sunan da kansa tarko ne. Mai ɗan jin Ingilishi zai ɗauka "in" na nufin shigowa, ya ɗora shi a kan abin da ke shigowa allo. Alhali ma'anarsa motsi ya soma a hankali ya ƙare da gudu, abin da ya fi dacewa da mai fita. Mai shigowa ease-out yake so, ya zo da sauri ya rage gudu har ya tsaya. Shawarar da tsarin Material Design na Google ya bayar ke nan.

Da an ce mata ta dubi motar trotro tana tashi daga kasuwar Nima, direba na jan ta sannu-sannu ko zai sami fasinja na ƙarshe, sannan ya taka ta, da ta gane ease-in nan take. Da ta tuna yadda yake sassautawa in ya tunkari masu jira a Maamobi, da ta gane ɗayan.

A nan ne Hausa take da dukiya. Amsa-kama, waɗanda wasu ɗalibai ke ɗauka kayan tatsuniya ne kawai, su ne suka fi kowane rukunin kalmomi bayyana yanayin motsi. Wanda ya tsaya cak daban yake da wanda ya sulale sululu. Tashi wuf ba tashi tsam ba ne. Fita fit kuwa ba ta barin ido ya bi sawu. Bahaushe yana rarrabe waɗannan tun yana goye. Mai fassarar da ya mayar da "ease" zuwa "sauƙi" ya bi ƙamus, ya bar ma'ana a hanya.

Za a ce amsa-kama ba su da ma'auni, kwamfuta kuwa lamba take ji. Haka ne, kuma ban nemi a taɓa lambobin ko sunayen ba. Ina neman kowane suna ya zo da jimla guda mai faɗin yadda motsin yake farawa da yadda yake ƙarewa, da misali mai motsi, da inda ya dace a sa shi. Lambobin su biyo baya.

Sai dai duk wanda zai rubuta wa Zango ya gwada kalmominsa a Zango. Hausar Accra ta daɗe tana zama tare da Ga da Twi da Ingilishi, har ta sassauta bambancin jinsi da Hausar Kano ke riƙe da shi. Amsa-kamar da ke rawa a bakin Bakano tana iya zama baƙuwa a Maamobi, a can kuma a sami wata da ƙamus bai taɓa ɗauka ba.