Tashe da Yaron da Ya Zo Baƙo Unguwa

Idan azumin watan Ramalana ya kai kwana 10, lungunan Ƙofar Kuyambana, kamar sauran unguwannin birnin Zariya, sukan cika da yara 'yan tashe bayan an sha ruwa. Wani ya liƙa gemun auduga ya dogara sanda yana Tsoho da Gemu, wani ya rataya tarkacen saiwoyi yana Jatau Mai Magani, 'yan mata kuma suna shiga gida-gida da wasan Mairama da Daudu. Amma akwai yaron da ba a cika lura da shi ba. Shi ne wanda iyayensa suka tare a unguwar kwanan nan, ko dai saboda canjin wurin aiki, ko kuma don rashin tsaro ya raba su da ƙauyukansu a yankin Giwa ko Birnin Gwari. Irin wannan yaro yakan tsaya a bakin zaure yana leƙe, domin an hana shi fita.

Ba za a ga laifin iyayensa ba. Ba su san 'ya'yan wa zai bi ba, kuma ɓata-gari sun sha fakewa da tashe su yi ƙwace, har ta kai rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta hana yin sa a shekarar 2025. Duk da haka, kulle yaron a gida asara ce gare shi, kuma malaminsa na firamare ne ya fi cancanta ya nuna wa iyaye hakan.

Dalili kuwa shi ne, da wuya a sami lokacin da yaro zai san unguwa, unguwa kuma ta san shi, kamar waɗannan darare. A cikinsu ne zai gane gidan mai unguwa da na liman, ya san tsohuwar da ke ba da gero da wadda sai dai ta sa albarka. A nan ne matan gida za su tambaya, “Wannan kuma ɗan gidan wa ne?” Daga ranar ya tashi daga baƙo. Shigar tashe ma rufin asiri ce gare shi, domin wanda aka shafa wa baƙin tukunya a fuska ba a tambayar sa kyan riga. Turawa ma sun ga amfanin irin wannan. Bikin Halowin da yaran Amurka ke yi ranar 31 ga Oktoba, suna shigar dodanni suna bin gidaje neman alewa, baƙi ne 'yan ƙasar Ailan da Sikotilan suka je da shi a ƙarni na 19. Asalinsa daban da na tashe, amma a can ma ta wannan yawo ne ɗan sabon zuwa kan fara ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta.

Aikin malamin Hausa a nan ba mai yawa ba ne. Kafin goma ga wata, sai ya raba 'yan aji ƙungiya-ƙungiya bisa kusancin gidajensu, ya sanya baƙon cikin maƙwabtansa, a gwada wasannin a filin makaranta da rana. Kada ya ɗora masa bayar da waƙa tun farko. Yaron da ya taso da wani karin harshe, abokansa Zagezagi za su yi masa dariya da ya buɗe baki, alhali shi ma dariya yake ƙunshewa in ya ji sun ce “mace ne”. Amshi ya fi masa sauƙi, domin muryarsa za ta shige cikin ta jama'a. Daga baya sai malam ya nemi ya nuna wa aji yadda ake wasan a garinsu, tun da tashe yakan bambanta daga gari zuwa gari.

Sauran magana tsakanin malam da uban yaro take: a haɗa ƙananan da wani yaya da aka yarda da hankalinsa, kada su wuce lungunan da aka san iyayensu, kada su fita bayan ganuwa, su kuma dawo gida kafin sawu ya ɗauke.