Kano Pillars: A Sayo 'Yan Wasa Ko A Raine Su?

A kowace shekara, da zarar an kammala gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru ta Nijeriya, 'yan wasa sun tafi hutu, sai kuma wata gasar ta cacar baki ta tashi a majalisun magoya baya. A Gafasa da ke cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi, haka nan a Toranke da Balare da cikin garin Gaya, wannan hutu ya kan faɗo ne cikin damina. Saboda haka sai an taso daga gona, an yi sallar isha'i, sannan a hallara a teburin mai shayi ko a ƙofar gidan kallo a buɗe mahawara: wa ya kamata Kano Pillars ta sallama, wa za ta riƙe, wa kuma za ta sayo kafin a shiga sabuwar kaka.

Mai yiwuwa wani ya ɗauki wannan hira a matsayin ɓata lokaci, to amma ba haka ba ne. Kano Pillars kulob ne na Gwamnatin Jihar Kano, da dukiyar jama'a a ke biyan albashin 'yan wasansa da kuɗin tafiye-tafiyensu, jama'ar kuwa ta haɗa da ta dukan ƙananan hukumomi 44 na jihar. Mutumin Gafasa, wanda sai ya bi ta Gaya da Wudil kafin ya isa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wanda kuma galibi a rediyo ya ke bin wasannin, yana da hakkin ya tambayi yadda a ke kashe kuɗin nan daidai da hakkin mutumin Fagge ko na Gwale.

Masu mahawarar sun kasu gida biyu. Kashi na farko suna ganin babu abin da zai dawo da martabar Masu Gida sai gwamnati ta buɗe baitulmali a sayo manyan sunaye daga sauran kulob-kulob, musamman 'yan gaba masu cin ƙwallo. Kashi na biyu kuwa cewa su ke yi da tsohuwar zuma a ke magani, watau a riƙe tsofaffin 'yan wasan da aka sani, waɗanda suka san nauyin rigar. Kowane ɓangare yana da tasa hujjar, amma tarihin kulob ɗin kansa ya nuna cewa dukansu sun tsallake wani abu.

An kafa Kano Pillars a shekarar 1990, lokacin da aka haɗe ƙungiyoyi uku, watau WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Ta ci kofin gasar ƙasa a 2008, wanda Kano ta daɗe tana ƙishirwarsa tun bayan da Raccah Rovers ta ci shi a 1978. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun kulob-kulob na Afirka, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Daga nan ta ci kofin ƙasa sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014. Abin lura a nan shi ne, a tsakanin waɗannan shekaru uku an canja mai horarwa, Muhammadu Baba Ganaru ya tafi, Okey Emordi ya zo, amma kofin bai bar Kano ba. Dalili kuwa shi ne ƙashin bayan ƙungiyar bai motsa ba: Theophilus Afelokhai yana tsaron gida, Rabi'u Ali yana raba ƙwallo a tsakiya, Gambo Muhammad yana gaba. Mutanen da suka shekara da shekaru suna wasa tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ruga tun kafin ya ɗaga kai. Irin wannan sabo ne ya sa aka yi wajen shekara 12 babu baƙon da ya ci Pillars a gida cikin gasar, sai a 2015 da Nasarawa United ta karya wannan tarihi.

Akwai wani darasin a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2018 a Asaba. Pillars tana gaba da ci uku da nema, Enugu Rangers ta farke su duka, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. A irin wannan rana babu abin da zuciya ke raya wa mai goyon baya sai a kori kowa da kowa. Ba a yi haka ba, an bar Ibrahim Musa a kan aikinsa na horarwa, shekara na zagayowa kuwa, a 2019, ƙungiyar ta doke Niger Tornadoes a Kaduna ta ɗauko wannan kofi. Da an bi zafin rai a 2018, da wuya a ga farin cikin 2019.

Har ila yau, masu son a sayo manyan sunaye su kan manta cewa tauraro baƙo ne, ba ya daɗewa. Junior Lokosa ya ci ƙwallo 19 a gasar 2018, ya fi kowa, amma a farkon 2019 ya riga ya koma Esperance ta Tunisiya. Wannan ba laifi ba ne, kowa abincinsa ya ke nema. Abin tambaya shi ne me ya ke shiga asusun kulob sa'ad da ɗan wasa ya tafi. A dokar hukumar FIFA, wanda yarjejeniyarsa ta ƙare yana da ikon tafiya ba tare da an biya tsohon kulob ɗinsa kuɗin sayensa ba, kuma tun ana saura wata shida ta ƙare ya ke da damar yin ciniki da wani. Haka kuma wanda aka riƙe wa albashin wata biyu, in ya ba da gargaɗin kwana 15 a rubuce ba a biya ba, yana iya warware yarjejeniyar. Ke nan kulob ɗin da ya saba da yarjejeniyar shekara guda, kamar yadda ya zama al'ada a wurare da yawa a ƙasar nan, kiwo ya ke yi wa wasu.

Sai dai masu kirarin tsohuwar zuma su ma da sauran magana a kansu. Babu mai musun abin da Rabi'u Ali ya yi wa Kano, mutumin da ya haura shekara 40 yana ɗauke da ƙungiya a kafaɗarsa. Haka nan dawowar Ahmed Musa a 2021, da sake dawowarsa a 2024 tare da Shehu Abdullahi, sun cika filin wasa da 'yan kallo, har a 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Ahmed babban manajan kulob ɗin. Amma gwiwa ba ta jin kirari, kuma wasa 38 a kaka ɗaya, tare da doguwar tafiya zuwa Aba ko Fatakwal ko Ikko, ba ƙaramin aiki ba ne ga jiki. Ƙungiyar da har yau ba ta iya nuna wanda zai gaji kyaftin ɗinta ba, tana fafe gora ne ranar tafiya.

Shi kansa Ahmed Musa, lokacin da ya zo Kano daga Jos yaro ne wanda bai cika shekara 18 ba, babu wanda ya san shi. A kakar 2009 zuwa 2010 ya ci ƙwallo 18, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan, sannan CSKA ta Mosko, sannan Leicester City ta Ingila. Kafinsa Sani Kaita ya bi wannan hanya, daga Pillars zuwa Sparta Rotterdam a 2005. Waɗannan ba sayo su aka yi da sunansu ba, wani mai ido ne ya hango su suna ƙanana. Dokar FIFA ma tana saka wa mai irin wannan ido, domin kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe ana raba shi ne ga ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23.

A nan ne maganar ta dawo Gafasa. A filin makarantar firamare na kowane gari a Gaya da Ajingi, akwai yaran da ke buga ƙwallo da la'asar, wasu ko takalmi ba su da shi. Ba a ce dukansu gwanaye ne ba, amma ba za a san gwanin ba sai an je an duba. Ya kamata hukumar kulob ɗin ta riƙa amfani da lokacin hutu wajen aika masu horarwa ƙananan hukumomin karkara, a shirya gasa tsakanin gundumomi, a zaɓi waɗanda suka yi fice a kai su ƙaramar ƙungiyar Pillars, tare da sharaɗin ba za su bar karatu ba. Gasar kofin Ramat ta matasa da a ke yi a Kano ita ma kasuwa ce da ke ci a ƙofar gida. Wajibi ne kuma a ɗaure matashin da aka raina da yarjejeniyar shekara uku ko huɗu, a biya shi kan kari, a kuma bayyana wa jama'a abin da aka samu duk lokacin da aka sayar da wani. Tun da Barau FC ta hau babbar gasa a 2025, Pillars ba ita kaɗai ce ke neman yaran Kano ba.

Daga ƙarshe, su ma magoya baya suna da nasu rabon a cikin lissafin. A 2022, bayan tarzomar da ta biyo bayan wasa da Katsina United, an zabtare wa Pillars maki uku, aka mai da wasanninta na gida Abuja, a ƙarshen kakar kuma ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo. A watan Oktoba na 2025, bayan wasa da Shooting Stars ta Ibadan, an sake rage mata maki uku, aka tura ta Katsina. Maki uku ladan cin wasa guda ne cur, kuma babu ɗan gaban da za a sayo, komai tsadarsa, wanda zai dawo da abin da jifa ya zubar.

Manomin Gafasa ya sani cewa wanda ya cinye irinsa da rani, sai ya sayi na kasuwa da tsada in ruwa ya sauka, kuma ba shi da tabbacin abin da zai tsiro. Idan masu riƙe da ragamar Kano Pillars suka yi aiki da wannan sani na manomi, to nan da 'yan shekaru majalisun Ajingi za su riƙa jin sunan ɗan garinsu a bakin mai sharhin rediyo. Allah ya sa masu abin su ji.